"Mutuniyar": Laƙabin Sabo Ne Ko Na So?

A cikin laƙabobin da samari da 'yammata su ke jifan juna da su a Kano da Zariya da Kaduna da sauran biranen Hausa, da wuya a sami wanda ya ke jawo gardama kamar "mutuniyar". Saurayi ya hangi yarinya a bakin kasuwa ko a harabar makaranta, ya ɗaga murya ya ce, "Mutuniyar, kwana biyu!" Waɗansu daga cikin masu ji sai su ce gaisuwa ce kurum irin ta sabo, waɗansu kuwa su ce a'a, ruwa ba ya tsami banza. Gardamar ba ta wofi ba ce, gama a kan irin wannan kalma guda a kan kira yaro gaban shugaban makaranta, a kan tsare yarinya a gida, wani lokaci ma mai neman aurenta ya ji a bakin mutane ya ja da baya. Saboda haka ya kamata malamin Hausa ya san abin da kalmar ta ke ɗauke da shi, da abin da masu ji su ke ɗora mata.

Asalinta ba shi da wani ɓoyo. "Mutuniya" ita ce tamatar "mutum", a waɗansu wurare a kan ce "mutumiya" ko "mutumniya", jam'insu duka "mutane". Haka ƙamusoshi suka kawo ta, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949. Daga tushen nan ne aka sami "mutunci", shi ne kuma ya ba Kirk-Greene kan laccarsa ta "mutumin kirki" wadda aka buga a 1974. Watau dai kalmar daga gidan daraja ta fito. Ba ta cikin jerin kalmomin da Bahaushe ya ke jin nauyin faɗarsu gaban manya, irin su "daduro" ko "kwartuwa", waɗanda da jinsu an san inda aka dosa.

Tun da daɗewa namiji ya kan ce da namiji "mutumina", yana nufin wanda jininsu ya haɗu, ko wanda ya saba ciniki da shi, ko wanda ya ke tsaya masa a wata hulɗa. Mahauci yana da mutuminsa a kara, ɗan kasuwa yana da mutuminsa a tasha. Mata ma haka su ke yi a tsakaninsu: mace ta shiga gidan biki ta ga wadda suka saba, sai ta ce, "Mutuniyar, ina kika shige?" Ba mai jin wannan ya ɗaga kai. Tsoho mai tireda wanda wata 'yar shekara biyar ta saba zuwa sayen alewa wurinsa, in ya kwana biyu bai gan ta ba, ya kan tambayi yayanta, "Ina mutuniyar?" Wannan ma ba kome. Rikici ba ya tasowa sai kalmar ta ƙetare daga namiji baligi zuwa ga mace wadda aure zai iya halatta a tsakaninsu.

To, a nan ne nahawu ya ke da abin cewa, domin ba siffa ɗaya kalmar ta ke zuwa da ita ba. Akwai "mutuniyata", akwai "mutuniyar" ita kaɗai, akwai kuma "mutuniyar taka". Ta farko tana ɗauke da mallaka a fili: mai magana ya ce tasa ce. Ta biyu ba mallaka a cikinta ko kaɗan. Wannan -r da ke ƙarshenta ba mahaɗi ba ne irin na "mutuniyar Audu", madanganci ne, irin na "rigar" a cikin "Ka kawo rigar?", watau rigar nan da mai magana da mai ji suka riga suka sani. Kunne yana rarrabe su, gama a "mutuniyar Audu" gaɓar ƙarshe tana tsayawa a sama, a "mutuniyar" kuwa ta madanganci murya faɗowa ta ke yi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, shi ya sa su ke zama abu guda a takarda. Abin lura shi ne, saurayin da ya kira yarinya "mutuniyar" ya nuna akwai sanayya, amma bai faɗi ko mutuniyar wa ce ba. Ya bar gurbin mallaka a buɗe. In ta karɓa da fara'a, ya matsa gaba. In ta haɗe rai, ko wani babba ya tambaye shi, sai ya ce ai gaisuwa ce, kuma ba mai iya kama shi da ƙarya. Wannan shi ne amfaninta a wurin masu amfani da ita, kuma da "budurwata" ba za a iya yin haka ba, domin wanda ya faɗe ta ya ɗaure kansa.

Siffa ta uku ita ce ta fi nauyi. Sa'ad da abokai su ke zaune a dandali ko a majalisa, ɗaya ya dubi ɗaya ya ce, "Jiya na ga mutuniyar taka a bakin asibiti," galibi ba a bukatar ƙarin bayani, wadda ya ke zuwa zance wurinta a ke nufi, ko wadda a ke zarginsa da so. Haka 'yammata su kan ce da 'yar'uwarsu, "Ga mutumin naki can ya zo." A nan an haɗa madanganci da doguwar mallaka, an kuma ƙi ambaton suna, alhali kowa ya san sunan. Amma fa ko wannan ba a yanke mata hukunci guda, gama mata su kan ce "mutuniyar taki" suna nufin kishiya, ko wata da ba a ga maciji da ita, maza kuma su kan ce "mutumin naka" da gatse suna nufin mai bin bashi ko wani fitinanne. Abin da ya haɗa masoyiya da kishiya da mai bin bashi shi ne, duka mutane ne da ambatonsu ya ke motsa zuciyar wanda a ke yi wa magana.

Dalilin da ya sa ɓoye suna ya ke da wannan nauyi yana cikin al'adar alkunya. Bahaushiya ta gargajiya ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce "Maigida" ko "Malam", ko ma "shi" kurum. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kiran na surukanta. Yaron da aka sa wa sunan kakansa a kan kira shi Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Iya, don kada a riƙa ambaton sunan babba a tsakar gida. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin kunyar ɗan fari da wasan dangi yadda su ke a ƙasar Zazzau a zamaninta. Ke nan a wurin Bahaushe ƙin faɗar suna alama ce ta cewa akwai wani abu mai nauyi tsakanin mutum biyu. Wanda ba ruwanka da shi, kai tsaye ka ke kiran sunansa. To, in saurayi ya san sunan yarinya sarai, ga shi kuwa ba 'yar'uwarsa ba ce, ba surukarsa ba, amma ya kauce wa sunan ya ce "mutuniyar", tilas mai ji ya tambayi kansa wace irin kunya ce ta shiga tsakaninsu. Zargin da a ke yi wa kalmar daga nan ya samo tushe, ba daga ma'anarta ta ƙamus ba.

Akwai abin mamaki in an gwada wannan da wasan kakanni da jikoki. Kaka mace ta kan kira jikanta "mijina" ko "angona" ko "maigida", ta ce ya kawo kuɗin cefane, ta kira jikarta mace "kishiya". Kaka namiji ya kan kira jikarsa "amarya" ko "uwargida". Ƙannen miji su kan ce da matar wansu "matarmu". Waɗannan kalmomi ne na aure tsirara, a kan kuma faɗe su da ƙarfi a tsakar gida gaban kowa, amma ba wanda ya taɓa ɗaukarsu da wata manufa, domin al'ada ta riga ta shata filin wasan, kowa ya san iyakarsa. Tsakanin kaka da jika ma aure haramun ne, saboda haka kalmar ba ta da inda za ta. Sai ga shi kalmar da ta ambaci aure ƙarara ta zama wankakkiya, wadda ba ta ambaci kome ba kuwa ta zama abar tuhuma. Wasan taubasai ya faɗo tsakiya. Ɗan mace da 'yar namiji abokan wasa ne, yana iya ce mata "matata" a yi dariya, amma da ya ke auren zumunci halal ne kuma sananne, iyaye su kan saurara da kunne biyu, sau da yawa kuwa wasa ya kan zama farin girki. Wannan ya nuna ma'auni na farko ba ya cikin kalma, yana cikin tambayar ko aure zai yiwu tsakanin mai kira da wadda aka kira.

Ma'auni na biyu shi ne wuri da murya. Laƙabin da aka faɗa da ƙarfi gaban jama'a, aka kuma faɗa wa wannan aka faɗa wa waccan, ya fi kusa da sabo. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ke ce wa kowace mai sayen atamfa "mutuniyar" ko "Hajiyata", ciniki ya ke nema. Wanda kuwa ya keɓe mace guda da laƙabin, ya kan rage murya in zai faɗa, ya kan kuma koma ga sunanta na yanka da zarar wanta ya iso wurin, ya riga ya fassara kalmar da kansa. Wannan sauyin da a ke yi gaban manya shi ne shaida mafi ƙarfi, ya fi kowace rantsuwa da yaro zai yi a ofishin shugaban makaranta. Sa'an nan akwai amsar ita yarinyar. Wadda ta mayar da "A'a, mutumin, kana nan?" tana dariya ba tare da ta tsaya ba, ta ɗauki abin wasa. Wadda ta sunkuyar da kai ta ja mayafi, ta ji wani abu, ko da shi mai kiran bai nufa ba. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. Sai dai a yi hattara a nan, gama kunyar yarinya ba shaida ba ce a kanta. Sau da yawa abin da ta ji shi ne nauyin idon mutane, ita kuwa ba ta roƙi kowa ya sa mata laƙabi ba.

Zamani ya ƙara wa al'amarin wuya ta hanya biyu. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980, da finafinan Hausa da suka biyo baya daga 1990, sun sa kalmomin so na fili irin su "masoyiya" da "sahiba" da "abar ƙauna" sun zama ruwan dare a wasiƙu da hirar samari. Da a ce waɗannan sun wadatar, da "mutuniyar" ta koma wurinta na da. Amma ba su wadatar ba, domin har yanzu saurayi yana bukatar kalmar da zai taɓa ruwa da ita kafin ya shiga, kuma mai yawan faɗar "masoyiya" tun ran farko ba a ɗaukarsa da gaske. Hanya ta biyu ita ce wayar salula, wadda ta bazu a Nijeriya daga 2001. Saƙon da aka rubuta ba shi da murya, ba shi da fuska, ba a kuma san gaban wa aka faɗe shi ba. Duk ma'aunan da aka ambata a baya sun faɗi, sai kalmar tsurarta. Uba ko miji da ya ga "Mutuniyar, ya gida?" a wayar 'yarsa ko matarsa, ba abin da ya rage masa sai sunan wanda ya aiko da lokacin da aka aiko. Ga matar aure kuwa al'ada ba ta bar wannan fili ba tun asali: namijin da ba muharraminta ba, ba kuma abokin wasanta na dangi ba, "Hajiya" ko "Malama" ko "Maman wane" ya kamata ya ce, in ya ce "mutuniyar" ya yi kasada da mutuncinta ko da zuciyarsa fara ce.

Ga malamin da ya ke koyar da fassara, kalmar tana da wata wahala ta dabam. Wanda ya juya ta zuwa wani harshe da kalmar da ke nufin budurwa, ya faɗi abin da mai magana ya ƙi faɗa da gangan. Wanda ya juya ta da kalmar da ke nufin abokiya kurum, ya zubar da rabin abin da masu ji suka ji. Tafinta a gaban alƙali ya fi kowa shiga wannan matsi, domin zaɓinsa na iya zama shaida a kan wani. Abin da ya fi masa shi ne ya maimaita kalmar yadda aka faɗe ta, da siffarta, ko "mutuniyata" ce ko "mutuniyar" ko "mutuniyar taka", sa'an nan a tambayi mai shaida wa ya faɗa, ga wa, gaban su wa, kuma ko ya kan faɗa wa wasu matan haka.