Gejin Mai Ya Fara Yi Maka Ƙarya? Ga Inda Za Ka Fara Dubawa

Yau a gareji za mu yi hirarmu.

Kwanakin baya muna dawowa daga Zariya a Corolla ɗin wani abokina, daf da magariba, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai mota ta fara shiƙewa, ta mutu. Allurar mai kuwa tana kan kwata. Mun fi awa guda muna zargin batir da fulogi, ashe tanki ne ya bushe ƙaƙaf. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san tsayawa a daji da dare ba abin wasa ba ne. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawancinmu na dubu biyar, na dubu goma muke sha, kullum allura tana ƙasa. A irin wannan lissafin, in geji ya yi kuskuren lita uku, ka kwana a hanya.

To, yaya abin yake aiki? A cikin tanki akwai wani ɗan abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, masu gyara suna ce masa fulot. An ɗaure shi a jikin siririn ƙarfe, ɗaya bakin ƙarfen kuma yana goga wani ɗan faranti mai layuka. In mai ya ƙaru fulot ya hau, in ya ragu ya sauka, wannan gogar ce ke canza yawan wutar da ke wucewa ta waya zuwa dashbod, allura ta motsa. Wato wurare uku ne kawai: fulot da farantinsa, waya, sai gejin kansa. A yawancin motocin yanzu fulot ɗin yana manne da famfon mai, kuma a irin su Corolla in ka ɗaga kujerar baya za ka ga murfinsa.

Kafin ka kashe ko sisi, lura da irin ƙaryar da yake yi. In allura ta kwanta a E ko ta maƙale a F ba ta motsi sam, a fi zargin waya, soket, ko wayar atin da ta yi tsatsa. In tana tsalle, yanzu rabi an jima kwata, ko kullum a waje ɗaya take rikicewa, galibi farantin ne ya cinye ko datti ya rufe shi. Sinadarin salfa da ke cikin fetur yana cin waɗannan layukan a hankali, balle ga mai shan man 'yan bumburutu da ba ka san abin da aka gauraya ba. In kuwa ka cika tanki amma allura ta ƙi kaiwa F, wataƙila fulot ya huje ya sha mai ya yi nauyi, ko ƙarfensa ya lanƙwashe. Akwai wanda mutane ke mantawa: tankin da ya bugi dutse ko tudun kan titi ya loma, shi ma yana hana fulot sauka yadda ya kamata, sai geji ya riƙa nuna akwai saura alhali babu.

Af, allura ta daɗe a F sannan daga rabi ta yi saurin sauka, wannan ba lalacewa ba ce. Tanki ba kamar bokiti yake ba, faɗinsa ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa.

Fara da mai arha. Duba fiyus na dashbod. In motarka tana karɓar na'urar sikanin, a jona mata. Lambobi daga P0460 zuwa P0464 duk maganar wannan fulot ɗin da wayarsa suke yi. Daga nan sai wajen mai rewaya. Ya zare soket ɗin da ke kan tanki, a kunna makulli, a ga ko allura za ta tafi ƙarshe ɗaya, a ɗan jira don wasu gejin suna da nawa. In ta amsa, alama ce waya da geji suna aiki, matsalar tana cikin tanki. Sai a ciro fulot, a sa masa mita, a riƙa ɗaga ƙarfen a hankali. Lamba ta riƙa canzawa sumul. In ta yi tsalle ko ta ɓace a wani wuri, ka kama ɓarawon. Kowane kamfani da awonsa: tsofaffin motocin GM na Amurka suna karanta om 0 in babu mai, 90 in ya cika, wasu kuma 240 zuwa 33. Shi ya sa in ka je Kofar Ruwa ko Panteka sayen wani, tafi da tsohon a hannu, kada a ba ka na wata mota don kawai ya shiga ramin.

Wani lokaci wanke farantin kawai ya isa. Ni dai ban yarda da saurin cewa a canza famfo gaba ɗaya ba, ko a taɓa dashbod, shi ne ƙarshen abin zargi kuma shi ya fi tsada.

Don Allah, wajen buɗe tanki a kiyaye. Tururin fetur ya fi fetur ɗin saurin kamawa. A cire kan batir, a yi aikin a fili, ba sigari, ba gwada waya ta hanyar ƙyasta ta a jikin ƙarfe kamar yadda wasu masu rewaya suka saba. A tabbatar robar murfin ta zauna daidai, in ba haka ba warin mai zai cika mota.

Kafin ka samu kuɗin gyara, duk ranar da ka sha mai ka mayar da lambar tirif ta dashbod zuwa sifili, ka san kilomita nawa lita goma take kai ka. Kada ka bari ya ƙare ƙaf, domin man nan shi ke sanyaya famfon da ke cikin tanki, in yana aiki a bushe shi ne zai biyo baya. Na abokin nawa dai, farantin ne ya cinye daidai wajen kwata.