Girka 'Yan Aiken Sa Ido a Uwar Garke: Ta Ƙunshi ko Ta Rubutun Asali

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun Naira ya haddasa ƙarancin tsabar kuɗi, ciniki a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke Abuja ya koma kan tura kuɗi ta waya. Mai sayen siminti ko katako kan tura kuɗi, amma mai kaya ya wuni bai ga shaidar shigarsu ba, domin nauyi ya yi wa kwamfutocin bankuna yawa. Irin wannan kwamfuta mai yi wa sauran hidima ita ake kira uwar garke. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyoyi biyu da ake bi wajen girka abin da ke sa mata ido, domin a gano cutarta tun kafin ta kwanta.

2.0 Ɗan Aike da Aikinsa

Daga cikin fitattun manhajojin sa ido akwai Nagios, wadda Ethan Galstad ya fitar a 1999 da sunan NetSaint, aka sauya mata suna a 2002. Ita kanta ba ta auna komai. Wasu ƙananan manhajoji take turawa su dubo su kawo mata labari, shi ya sa muka kira su 'yan aike. Alal misali, check_disk yana duba sauran wurin ajiya, check_load yana auna nauyin aiki, check_ping kuwa yana tabbatar da cewa na'ura tana amsawa. Kowannensu kan dawo da lamba ɗaya: 0 lafiya lau, 1 gargaɗi, 2 hatsari, 3 ba a tantance ba.

3.0 Hanyoyin Girkawa

3.1 Ta Ƙunshi

Ƙunshi shi ne manhajar da aka riga aka harhaɗa, aka ajiye a rumbun masu tsarin kwamfutar. A tsarin Debian da Ubuntu, umarnin apt install monitoring-plugins ya wadatar; shi zai jawo duk abin da 'yan aiken suka dogara da shi, ya zuba su a /usr/lib/nagios/plugins. Wannan ya yi kama da sayen haɗaɗɗiyar ƙofa a Dei-Dei: an yanka, an goge, sai kafawa kawai. Illarsa ita ce, sau da yawa abin da ke rumbun yana bayan sabon fitowa.

3.2 Ta Rubutun Asali

A nan, mai girkawa zai ɗauko umarnin da masu manhajar suka rubuta, ya harhaɗa da kansa. Da farko zai tanadi kayan aiki irin su gcc da make. Daga nan sai ./configure ya binciki na'urar, make ya harhaɗa, make install ya kai kowane ɗan aike mazauninsa, galibi /usr/local/nagios/libexec. Wannan tamkar sayen katako ne a kai wa kafinta; ƙofar za ta fito daidai da awon ɗaki. Sai dai in wani abin dogaro ya ɓace, kamar kayan OpenSSL, aikin na iya kammaluwa alhali ɗan aiken ya fito da naƙasa.

4.0 Abin Lura

Tun 2014 'yan aiken suka rabu gida biyu, wato Nagios Plugins da Monitoring Plugins, don haka wajibi ne a san wanda aka ɗauko. Haka kuma, cakuɗa hanyoyin biyu a na'ura ɗaya kan sa manhajar sa ido ta nemi ɗan aike inda ba ya nan. Saboda haka a gwada kowanne da hannu, a ga lambar da ya dawo da ita, kafin a dogara da shi.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa babban bambancin hanyoyin nan shi ne wanda gyara zai hau kansa. Idan aka gano ɓaraka, masu rumbu ne ke gyara ƙunshi, mai na'ura ya sabunta kawai. Wanda ya harhaɗa da kansa kuwa, shi zai riƙa bibiya yana sake harhaɗawa. Ma'aikatar da ma'aikacinta ɗaya ne, kuma ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, ƙunshi ya fi mata. Rubutun asali sai in akwai buƙatar da ƙunshi ya kasa biya.