Shin Ko Kun San? Asibitin Mishan na Wusasa da Cocin Ƙasa da ke Kusa da Shi

Shin ko kun san tsohon asibitin mishan da Zazzagawa suka fi sani ba na Katolika ba ne? Asibitin St. Luke da ke Wusasa na ɗariƙar Angilika ne, ƙungiyar CMS ta Ingila ce ta kafa shi. Mai neman na Katolika sai ya nufi St. Gerard a Kakuri, Kaduna. Hanyar zuwa St. Luke kuwa, daga unguwar Palladan in ka hau babban titin Kaduna ta Kwangila, kana kaiwa Ɗan Magaji ka iso Wusasa.

Ko kun san a cikin birni mishan ɗin ya fara zama? A 1905 Likita Walter Miller ya sauka cikin ganuwar Zariya, yana ba da magani yana koyar da yara. Sai a 1929 aka mayar da aikin bayan gari, kusa da dutsen Kufena. Shi Miller ɗin ne ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya fito a 1932.

Ginin da ya fi cancantar kallo a wurin shi ne cocin St. Bartholomew na 1929. Da ƙasa aka yi shi, irin aikin maginan Hausa. A wannan salo tubali ake jerawa, bango ya yi kauri, a ɗaura azarar giginya hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗe a sama su zama bakan gizo, sannan a yaɓe. Gara ba ta cika damun azara ba, kaurin bangon kuma ke sa ciki ya yi sanyi ko da bazara. Dabarar ke nan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. A ganina duk ɗalibin zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da bai leƙa su biyun ba, da sauransa.

Likitan farko daga Arewa, Dakta Barau Dikko, a hannun wannan mishan ya tashi, kuma sunansa ne asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da shi. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a makarantar mishan ta Wusasa ya yi karatu. Haka ma Janar Yakubu Gowon.