Zaure Ɗaya, Sassa Biyu: Raba Faifan Ajiyar Kwamfuta

Duk wanda ya saba shiga gidajen Rafin Guza, a arewacin birnin Kaduna, ya san yadda wa da ƙane kan zauna a gida guda. Zaure ɗaya ne, amma da an wuce shi sai hanya ta rabu, kowa ya nufi sashensa. To, kusan haka al'amarin yake ga kwamfutar da aka ɗora wa manyan manhajoji biyu, watau Windows da Linux.

Ba don ƙawa ake yin haka ba. A ɗauki ɗalibin da ke tashi daga unguwar nan zuwa Jami'ar Jihar Kaduna, kwamfuta ɗaya gare shi, ita ma ta hannu. Yana bukatar Windows domin aikin yau da kullum, yana kuma bukatar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland cikin 1991, domin koyon rubuta manhaja. Sayen ta biyu kuwa ba zancensa. Saura dabara ɗaya, a raba faifan ajiya.

Kalmar rabawa kan ruɗi mutane, su zaci yanka faifan ake yi. Ko kusa. Abin da ake yi rubuta iyaka ne kurum. A wani ɗan gurbi a farkon faifan akwai jadawali mai nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare, kamar takardar rabon gado. Tsohon tsari, mai suna MBR, ya fito a 1983. Gurbinsa bayit 512 ne kacal, saboda haka manyan sassa huɗu kaɗai yake iya ɗauka, kuma ba ya sarrafa faifan da ya zarce kimanin terabayit 2. Tsarin GPT da ya gaje shi yana ɗaukar sassa 128, sa'an nan yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen faifai, wanda hikima ce babba, don takardar gado guda ɗaya ba abin dogaro ba ce.

Akan fara girka Windows, a tsuke sashenta, a ba Linux filin da ya rage. In aka juya tsarin, Windows kan mamaye ƙofar shiga kamar ita kaɗai ce a gidan. Zauren kuwa wata 'yar manhaja ce, GRUB, wadda ke tarar mutum da ya kunna na'ura ta tambaye shi sashen da zai shiga. Zumuncin dai ba daidai yake ba: Linux na karanta sashen Windows, mai tsarin NTFS, amma Windows ba ta gane ext4 na Linux sai da taimako, har takan nemi a goge shi. Wanda ya amsa mata ba da sani ba, ya yi asara.

Haɗari mafi girma yana lokacin tsuke sashe, sa'ad da ake kwashe bayanai ana sake rubuta iyaka. In aka ɗauke wuta a daidai nan, batirin tsohuwar kwamfuta kuma ya riga ya mutu, ana iya rasa aikin shekara huɗu cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ƙwararren mai gyara ba ya taɓa jadawalin sai ya juye kome a wani faifai dabam, ya kuma tabbata batiri zai kai shi ƙarshen aikin.