Tsakanin Aji da Gareji: Koyar da Injiniyanci a Arewacin Zamfara

Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a shekarar 1983, matasan Jangeru da Shinkafi da Zurmi suka sami wurin koyon aikin injiniya kusa da gida. Sai dai manufar makaranta da buƙatar mai ɗaukar aiki ba su faye zuwa ɗaya ba. Manhajar da hukumar NBTE ke tsarawa ta fifita ƙa'ida da lissafi, domin na'ura kan sauya, ƙa'ida kuwa tana nan daram. Shi ko ɗan kwangilar rijiyar burtsatse, abin da yake nema shi ne wanda zai tayar masa da famfo mai aiki da hasken rana a yau.

Domin cike wannan giɓi ne asusun ITF ya ɓullo da shirin SIWES a 1973, inda ɗalibin digiri ko ƙaramar difloma kan yi watanni a wurin aiki. Amma manyan masana'antu sun yi ƙaranci a Zamfara, masaƙar Gusau ma ta daɗe da durƙushewa. Saboda haka ɗalibai da dama a gareji suke ƙarewa.

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. Ɗalibi ya karanta ƙa'ida da Ingilishi, ogansa kuma yana koyar da shi da Hausa, da kalmomi irin su kafireto da filogi. Matuƙar ba a tattara waɗannan kalmomi an daidaita su da na littafi ba, ilimin aji da na gareji za su ci gaba da zaman 'yan marina.