Kuka ko Fulawar Falo?

Uwargida, kin san fulawar nan mai faffaɗan ganye da ɗigo-ɗigon fari da ake ajiyewa a falo, Dieffenbachia? Asalinta dazuzzukan Kudancin Amurka ne masu yawan ruwa. Shi ya sa ba ta jure zafin rana, da hunturu ya kama kuma sai bakin ganyen ya bushe. Amma abin tsoron shi ne ruwan jikinta. Idan yaro mai rarrafe ya tauna ganyen, harshe da maƙogwaro kan kumbura. In haka ta faru, a wanke masa baki, a garzaya asibiti.

Ita kuwa kuka 'yar gida ce, ba ruwanta da lallashi. Ki jiƙa ƙwallayen a ruwan zafi su kwana, don ɓawonsu na da tauri, sannan ki shuka. Ba sai ta zama ƙatuwar bishiya ba. Cikin 'yan watanni za ki fara tsinkar ganye, kina datse kanta. Ki shanya a inuwa, miyar ta fi yin kore. Sai dai fa kada ki dasa ta jikin katanga, saiwarta na tafiya nesa.