Ƙwazo Ko Biyayya: Binciken LeVine A Kan Halin Ma'aikaci

Duk wanda ya taɓa zama a sakatariyar ƙaramar hukuma, a Sabon Birni ko a Isa, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa tsakanin ma'aikata: shin ƙwazo ne ke ɗaga mutum a wurin aiki, ko kuwa iya durƙuso gaban na sama? Wani shehun malami Ba'amurke, Robert LeVine, ya yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya a cikin littafinsa mai suna Dreams and Deeds, wanda ya fito a 1966, lokacin yana Jami'ar Chicago.

Hanyar da ya bi abin mamaki ce. Ya sa ɗalibai maza 342 na makarantun sakandare, Hausawa da Yarbawa da Ibo, suka rubuta mafarkan da suke yi, sa'an nan aka auna yawan burin yin fice da ke ciki. Ya ɗauko wannan ma'auni ne daga David McClelland na Jami'ar Harvard, wanda ya ce a 1961 ƙasa ba ta bunƙasa sai jama'arta na da ƙishirwar cim ma buri. Ibo suka zo na ɗaya, Yarbawa na biye, Hausawa a ƙarshe. Amma da aka ce su rubuta yadda yaro ke zama wani abu, sai Hausawa suka fi kowa ambaton ladabi da biyayya.

LeVine bai ce abin a jini yake ba. Ya dogara ne da binciken M. G. Smith a kan sarautar Zazzau, ya ce a ƙasar sarakuna barantaka ce tsanin hawa: bara ya bi ubangidansa sau da ƙafa, ran da ubangidan ya sami sarauta shi ma ya samu. Watau mutane kan koyi halin da ake saka wa da alheri.

Littafin ya yi tasiri, an kuwa sha kafa hujja da shi fiye da kima. Gaskiyar magana, 'yan makarantar boko na wancan zamani ba su ne Hausawa duka ba. Fatake da dillalai ba sa cikin aji. A 1969 Abner Cohen ya nuna yadda Hausawan Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro, a 1986 kuma Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kan alhazan Maraɗi, maƙwabtan Gobir ta ƙetaren iyaka. A wurinsu yaro kan yi wa maigida hidima shekaru, a ba shi jari, ya tsaya da ƙafafunsa. Mutumin Kurawa da ya taɓa fita cin rani bai buƙatar a yi masa bayanin wannan: biyayyar kanta buri ce.

Inda maganar LeVine ta fi cizo shi ne a ofis. Hukumar Udoji ta 1974 ta ba da shawarar a riƙa auna ma'aikaci da abin da ya aikata, a kuma nuna masa rahoton shekara da aka rubuta a kansa maimakon a ɓoye. An karɓi shawarar, an buga fom. Sai dai wanda ke cika fom ɗin shi ne dai maigidan da ake gaisarwa kowace safiya.